Sista Manyana da Karsanar Ɗan Fari

Ku 'yan zamani, tun da kuka samu wayar da ake yi wa magana ta juya ta zuwa wani yare, kuka yanke hukunci cewa tafinta ya zama ɗan kallo. Ran nan jikokin yayata suka faɗo mini gida nan Gummi, sun taso daga gidan kallon ƙwallo, kunnuwansu cike da Sifaniyanci. Babbansu ya kara waya a baki ya ce mata, "¿Qué vas a hacer mañana?" Nan take ta mayar masa da Turanci, "What are you going to do tomorrow?" Wato me za ka yi gobe. Suka bushe da dariya.

"Goggo, wagga ta kashe miki kasuwa. Dut abin da kinka yi shekaru kina koyo, ga shi cikin aljihuna."

Na ce madalla, ta faɗi daidai, ban kushe ta ba. Amma su dawo ranar kasuwa da ita a hannu, ina da baƙuwar da za ta zo. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Sunana na yanka Balkisu, amma daga Gummi har Anka Ta-Fanya aka sani. Na yi makaranta a nan har Turanci ya zauna mini a baki gwargwado, sannan na auri Malam Isa mai tsire, Allah ya jiƙansa, ya tsallaka teku da ni zuwa Malabo, a tsibirin da mutanenmu ke kira Fanya. Can Sifaniyanci ake yi. A bakin kasuwa na fara tsintarsa, wajen cinikin kifi da ayaba, kuma da na iya zagin mai rage mudu sai na ɗauka na gama. Ashe jin yare daban, tafinta daban. Wadda ta nuna mini haka Inna Kulu ce, wata tsohuwa 'yar asalin Bukkuyum da ke raka matan unguwar Hausawa awon ciki. Ta ɗauke ni riƙon laima, don ruwan tsibirin nan ba ya sallama. Na daɗe ina bin ta bakina a rufe, in na motsa leɓe ta harare ni.

Ranar da ta fara sakar mini baki, wata mai cikin fari muka kai. Nas ta dube ta ta ce, "¿Dónde vas a dar a luz?" Na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya yadda ake bin gero a faifai, na ce wa yarinyar, "Wai ina za ki ba da haske?" Ta zaro ido ta ce ita ba ta zo da fitila ba. Ashe su haka suke cewa haihuwa, ba da yaro ga haske. Inna Kulu ta yi dariya har da riƙe ƙugu, ta gyara tambayar, amma ba yarinyar ta yi wa ba, uwar mijinta da ke gefe ta juya ta tambaya. A hanyar gida ta ce da ni, "Ɗiyata, ba kalma aka ɗauka ba, nuhi aka ɗauka. Kuma tambaya baƙuwa ta. In ta iske ƙohwar gaba ruhe, ki zagaya da ita ta baya, amma kak ki taɓa kayan da tad ɗauko." Mai cikin fari ba ta maganar haihuwa da bakinta, ko da yaren aljannu aka tambaye ta.

Kayan aikin tafinta ba su cika jaka ba. Ina da ɗan ƙamus wanda bangonsa ya tafi tun ina Fanya, da kanumfari da nake sa wa a kunci don makogwaro, da 'yar rediyo da nake kamo tashoshinsu don kada harshe ya yi tsatsa. Sauran kuwa a jiki suke. Kunne ɗaya na mai tambaya, ɗaya na mai amsa. Ido kuma ba a fuska kaɗai ake ajiye shi ba, a kan hannu da ƙafa ake sa shi. Wurin tsayuwa ma kayan aiki ne. Ba a shiga tsakanin mutum biyu a tsaya ƙiƙam, gefe ake raɓewa, su riƙa kallon juna su manta da ke.

Da Malam ya rasu na dawo Gummi, sai sana'ar ta koma ta samari masu shirin tafiya Fanya neman na kai. Nakan zaunar da su a zaure in yi musu bitar abin da za a tambaye su a bakin shiga ƙasar. "¿Cuánto tiempo vas a quedarte?" Har yaushe za ka zauna. "¿Dónde vas a vivir?" Ina za ka sauka. In koya musu da Sifaniyanci, in koya musu da Turanci, don wani jami'in da Turanci zai tare su. Duk tambayoyin gobe ne, kuma a nan sana'ar take da ƙaya. Bature in zai tambaye ka gobe, hanya uku gare shi. Akwai za ka dawo, akwai kana da niyyar dawowa, akwai kana son dawowa. A Sifaniyanci vas a, piensas, quieres. A Turanci going to, plan to, want to. Wanda ya haɗa su ya dama ya yi ɓarna, don mutum na iya son abu ba shi da niyya, yana iya yin niyya ba hali. Mu kuma duk wadda aka jefo mana amsarmu ɗaya ce, in Allah ya kai mu. Sai tafinta ya saurari yadda aka faɗe ta, don akwai in Allah ya kai mu ta mai ɗaura ɗamara, akwai ta wanda ke so ka tashi ka ba shi wuri. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne Turanci da duk faɗinsa ba shi da jibi, sai ya yi zagaye ya ce ranar da ke bayan gobe. Gata da citta kuwa kada ma a tayar da maganarsu.

Sai shekarar gubar dalma ta zo. Ku da kuke ƙanana lokacin, ba ku san ta ba sai a baki. Maza suka samu dutse mai zinariya, suna kawo shi gida ana niƙawa a tsakar gida, a turmin da ake daka hatsi, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san da guba a ciki. Daga Tungar Guru da ƙauyukan da ke kewaye yara suka riƙa shiɗewa suna tafiya. Ba zan tsaya a kan wannan ba, duk gidan da abin ya shafa ya san nasa. Likitoci suka zo daga ƙasashe, aka buɗe wurin kwantar da yara, aka shiga neman masu jin yare. Wani direba da ya san ni ya zo har gida ya ce akwai wata nas da Turancinta ke guduwa in ta gaji, sai Sifaniyanci ke fita, kowa ya yi cirko-cirko. Na ɗauki ƙamus da kanumfari na bi shi Anka.

Aikin na baki uku ne. Nas ɗin ta yi tambaya da Sifaniyanci, in mayar wa likita da Turanci don ya san abin da aka tambaya, shi mutumin kudu ne, Dakta kawai muke ce masa, kuma sallamar yara a hannunsa take. Sannan in juya wa uwa da Hausa, in kwaso amsa in raba musu su biyu. Ita nas ɗin doguwa ce mai yawan fara'a, kuma kullum za ta tashi aiki sai ta ɗaga wa iyaye mata hannu ta ce, "Hasta mañana," wato sai gobe. A bakinsu gobe manyana ake faɗinta. Rannan wata tsohuwa ta jawo ni ta ce, "Ke Ta-Hwanya, wagga Baturiya ɗiyar mutunci ta. Kullum za ta hita sai ta ce muna manyana. Ko ɗiyanmu ba su da wanga ladabi." Na buɗe baki zan gyara, na tuna harara irin ta Inna Kulu, na rufe. Da na gaya wa nas ɗin cewa su sun ɗauka tana kiransu manyanta ne, ta yi murna har da tafi, ta ce a bar shi haka, ai manyanta ne. Daga ranar sunanta ya ɓace, ta zama Sista Manyana.

Aikin da ya fi zauna mini a rai na Hajo ne, wata yarinya Bafulatana daga wata ruga wajen Bukkuyum. Mijinta yana kiwo yana noma, ya ɗan taɓa niƙan dutsen nan da rani. An kawo ɗansu Buba ranga-ranga, bai fi shekara uku ba. Sunan ma a bakin wata maƙwabciyarsu aka samo shi, don Hajo ko da wasa ba ta faɗe shi ba. Ranar da ya farfaɗo, kalmar farko da ta fito masa ita ce Woɗe. Ya yi ta kira, Woɗe, Woɗe. Sista ta ɗauka uwarsa yake kira, ta shiga ce wa Hajo Woɗe safe da yamma. Matan ɗakin na toshe baki da gyale, don Woɗe sunan jar saniya ne. Ita Hajo ko a jikinta, amsawa ma take yi.

Yaro ya samu sauƙi, ya fara cin fura yana jan kunnen na gadon kusa. Amma maganin gubar ba na sha yanzu magani yanzu ba ne. Ana ci gaba da ba yaro a gida, a riƙa dawo da shi ana auna jini, in an yanke a tsakiya gubar na iya komowa ta taɓa masa kai. Ga kaka ta ƙarato. Uban ya aiko cewa ran kasuwar Bukkuyum zai zo ya kwashi iyalinsa, shanu za su tashi. Dakta ya ce shi ba ya ɗaure kowa, amma in ba a san inda yaron zai kasance ba, ba inda za a bi shi da magani, an yi ba a yi ba ke nan.

Sista ta jawo kujera gaban Hajo, ni ina raɓe a gefe. Ta ce, "¿Qué planes tienes para tu hijo?" Na ce wa Dakta, "What plans do you have for your son?" Ya gyaɗa kai. Na ce wa Hajo ana tambayar wane shiri take da shi a kan ɗanta. Ta juya fuska ga bango.

Sista ta sake, a hankali. Ina za ki kai ɗanki? Za ki dawo da shi? Kina da niyya? Kina so? Duk hanyoyin uku ta bi, na juya su ba ragi ba ƙari. Can Hajo ta ce wa bango, "Wane ɗa? Ni ban da ɗa nan. Ɗan mutane na."

Tafinta ba ya haɗiye magana don ta yi ɗaci. Na faɗa musu yadda ta faɗa. Fuskar Sista ta canza, na ga ranta ya ɓaci ƙwarai, don ta sha wahala a kan yaron nan. Sai na ɗaga hannu na ce yanzu ni ce ke magana, ba Hajo ba. Na ce musu ɗan fari ne, kuma Bafulatana ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna nata ne a gaban mutane, balle ta zauna tana tsara masa gobe. Na ce su dubi ƙarƙashin zane. Hannunta na can riƙe da ƙafar yaron, tana murza masa 'yan yatsu tun da muka zauna. Dakta ya ce su ma a garinsu akwai sunayen da mace ba ta faɗa, ya gane. Sista ta ce to ta ina za a tambaye ta? Na ce su ba ni izini in sauya hanya, tambayar tasu ce ba zan taɓa ta ba, kuma duk abin da na ce da wanda aka ce zan mayar musu.

Na sauka daga tsaye na zauna ƙasa, na miƙe ƙafa, na ɓare goro na miƙa mata rabi.

"Ke Hajo, wai Woɗen ga da aka ta kira, ta wa ta?"

Ta ɗan juyo. "Karsana ta. Ran suna anka ba wancan."

"Kyakkyawa ta?"

"Ja ta jawur, da hwari ga goshi. Ba irinta cikin garke."

"To bana ina za ta cin rani?"

Jama'a, ashe rijiya na taɓa. Yarinyar da ta yi kwanaki da ƙyar ake jin muryarta ta gyara zama ta fuskance ni.

"Hwadamar Gummi za ta, gehen gulbi, inda tsamiyoyi. In an gama yankan shinkahwa ta shiga ta ci. Nan za ta zama har ruwa ya hwaɗi, sannan ta koma gida. Baɗi in Allah ya so ta ɗauki ciki. Ɗiyanta ba a saidawa, ko mi za a yi. In sun yi yawa a hidda guda a ba malami, mai ita ya samu karatu. Sauran a aje, akwai ranarsu."

"Mai ita hwa, shina biye da ita?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Goggo, karsana ta taɓa tahiya ba mai ita?"

"Ran kasuwar Gummi wa ka kawo nono?"

"Ni ka kawowa."

"Gidana na bakin hanya. In kin zaka, mai karsana na iya rakiya?"

Ta sunkuyar da kai, bakinta na son yin murmushi tana hana shi. "Wa za ya riƙe min hwaihwai in ba shi ba?"

Wannan ba in Allah ya kai mu ta sallamar baƙo ba ce, alkawari ne da ƙafafunsa. Na juya na zuba wa Sista da Sifaniyanci tun daga farin goshi har malamin karatu. Tana ji tana dariya, hawaye na zuba, ta ce ashe duk kwanakin nan saniya take kiran baiwar Allah. Na ce wa Dakta da Turanci, "The heifer is going to spend the dry season in Gummi, and her owner is going with her." Na zaɓi going to da gangan, ba want to ba, don abin da ta ce ke nan. Ya ajiye biro ya yi dariya har da buga tebur, ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa sallamar saniya ba sai yau. Aka tsara motar asibiti ta riƙa biyowa ta gidana ran kasuwa. Hajo ba ta taɓa saɓawa ba har aka ce jinin yaro ya yi kyau, kuma ba ta taɓa shigowa ta ce ga Buba ba. Sai dai ta sauke ƙwarya ta ce, "Goggo, ga nono, ga mai riƙon hwaihwai."

Sista ta koma ƙasarsu da daɗewa, amma ba mu yar da juna ba, duk Sallah sai ta kira. Hajo kuma duk rani suna fadama, kuma ita ce baƙuwar da na ce wa jikokin yayata su zo su gani. Suka zo ran kasuwa da wayarsu. Hajo ta shigo da ƙwarya, bayanta wani dogon saurayi da sanda a kafaɗa, ya durƙusa ya gaishe ni. Na sa yaran suka kira mini Sista ta inda ake ganin fuska, don wannan kam waya ta fi ni iyawa. Ta fito da furfura, ta ga saurayin ta dafe ƙirji. Amma ba ta kira sunansa ba, ta ƙware. Sai ta dubi Hajo ta ce, "¿Y Woɗe? ¿Qué va a hacer Woɗe?" Wato Woɗe fa, me za ta yi.

Na ce wa babban yaron ga fili ga mai doki. Ya kara wayar ƙaninsa kusa da bakin Hajo.

"Woɗe ta tsuhwa," in ji ta, "amma jikokinta sun cika shinge. An ware waɗansu. Bayan kaka za su tahi gidan wani mutum can wajen Anka, mai ɗiya."

Waya ta yi 'yan dabarunta ta kawo nata. Yaron ya duba ya ce, "Goggo, ta ce shanu za su ƙaura Anka. Shi ke nan."

Ni kuwa na mayar wa Sista maganar yadda take, ban ƙara ko gishiri ba. Kafin in rufe baki ta miƙe tsaye can ƙasarsu tana tafi tana juyi, tana ƙoƙarin rangaɗa guɗar da matan Anka suka koya mata, abin na fita kamar kukan zabuwa. Saurayin ya sunkuya yana zanen ƙasa da sanda. Hajo ta juya fuska ga bango, kafaɗunta na rawa.

"Goggo, mi ya hwaru?" in ji yaran. "Don shanu za su Anka taka wagga murna?"

"Ku tambayi aljihunku," na ce musu. Sai ƙaraminsu ya dubi saurayin, ya dubi uwar, ya ce, "Kai! Aure za a yi!"

Da za a kashe waya, Sista ta share ido ta ɗaga hannu yadda ta saba, ta ce, "Hasta mañana."

Hajo ta juyo daga bango ta dube ni, ta girgiza kai.

"Kin gani, Goggo? Har ta yi hurhura, ba ta bar ladabi ba."